Ragowar Makwancin Naman Kaza: Shara ko Taki?

Naman kaza ba ya bukatar gona. Nau'in Pleurotus yana tsirowa a kan daddatsattsen karan gero, wanda ake samu a Dakoro bayan kaka. Idan aka tsinka sau 2 ko 3, amfanin yakan ragu, domin naman ya cinye mafi yawan abincin da ke cikin karan. Amma ragowar ba ta mutu ba: in aka gauraya ta da sabon kara da dusa, aka turara don kashe fumfuna, za ta sake karɓar iri. Kara kuwa yana da daraja, dabbobi da darni na jiransa. Saboda haka sunan da muka ba ragowar yana da nauyi: wanda ya kira ta shara zai zubar, wanda ya kira ta taki zai adana.