Kamfas a Goshin Kwalekwale: Abin da Hazon Tiga Yake Buƙata

Ruwan da ke shayar da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da alkamar Bunkure ba ya ɓatar da kowa. A kanal yake tafe, gaɓa a dama, gaɓa a hagu. Amma duk wanda ya bi shi zuwa mafarinsa, ya wuce Ruwan Kanya ya isa madatsar Tiga, zai tarar da wani ruwan dabam. An gina madatsar a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma idan ta cika tana mamaye kimanin murabba'in kilomita 178. A kan wannan shimfiɗa masunta ke kwana suna zuba kalli, a kanta kuma ake tsallakar da mutane da kaya.

Masunci yana da alamominsa: wancan dutse, waccan kuka, fitowar Gamzaki da asuba. Hazon hunturu shi ke ƙwace masa su gaba ɗaya. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, har a wayi gari jirgin sama ya kasa sauka a filin Malam Aminu Kano. A irin wannan safiya wanda ke tsakiyar Tiga ba ya ganin gaɓa, rana ma sai ta ɗaga sosai kafin ya san inda take. Kada kuma a ce gwani ba ya ɓata. A 2009 masu bincike na cibiyar Max Planck ta Jamus, ƙarƙashin Jan Souman, sun sa mutane tafiya a dajin Jamus da saharar Tunusiya, suka ga cewa da zarar rana ko wata sun ɓuya, mutum yakan shiga kewaye alhali ya yi imanin miƙe yake. Mai tuƙi da filafili ya fi mai ƙafa shiga wannan hali, don iska na juya masa goshin jirgi ba tare da ya ji ba.

Maganin tsoho ne, kuma ba baƙonmu ba ne. Shen Kuo na ƙasar Sin ya bayyana allurar maganaɗisu a 1088. Sarkin Yaman Al-Ashraf Umar ya yi rubutu a ƙarshen ƙarni na 13 kan yadda ake gano alƙibla da ita, Ahmad bin Majid kuma ya ratsa Tekun Indiya da ita a ƙarni na 15. Kamfas ɗin da ke jikin dardumar da alhazai ke kawowa tsaraba jikan waɗannan ne.

Waɗanda suka fi kowa nazarin yadda ake kafa kamfas a ƙaramin jirgi su ne masu tuƙa kayak, siririn kwalekwalen mutum ɗaya da aka gada daga mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara. Hannuwansu biyu na kan filafili, jirginsu na rawa, ruwa na watsuwa a kansa, wato halin da masuncin Tiga yake ciki. Shi ya sa ba sa dogara da kamfas na aljihu, wanda sai an tsaya an daidaita shi a tafin hannu. Nasu mai ƙoƙon gilashi ne, cike da mai, da faifai mai lambobi daga 0 zuwa 360 yana shawagi a ciki. Man ne ke hana faifan ɓari idan igiyar ruwa ta bugi jirgi. Kamfanoni irin su Silva da Ritchie na yin iri biyu, wanda ake ɗaurewa da roba a cire idan an sauka, da wanda ake kafewa dindindin. Ni dai a ganina na ɗaurewa ya fi dacewa da jirgin da ke kwana a bakin ruwa ba mai gadi. Mai saye ya duba girman lambobin, ya juya ƙoƙon ya ga ko faifan na komawa wurinsa ba tare da maƙalewa ba, ya kuma guji wanda babban kumfa ya bayyana a cikinsa, don alamar yoyo ce.

Akwai wani abu da ɗan kasuwa ba lallai ya sani ba. Maganaɗisun duniya yana jan kan allurar da ke nuna arewa ƙasa a Turai, a kudancin Afirka kuma yana ɗaga shi, don haka masana'antu ke daidaita nauyinta gwargwadon yankin da za a sayar. Arewacin Najeriya na kusa da layin da allura ke kwanciya daidai. Kamfas na aljihu da aka yi wa Ingila yana iya karkata a nan ya riƙa gogar murfi, amma mai ƙoƙo ya fi jure wannan. Sa'ar da muka yi ita ce, bambancin arewar maganaɗisu da arewa ta haƙiƙa a ƙasar Kano bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba, don haka masunci ba ya buƙatar wani lissafi.

Wurin kafawa nan ne aikin yake, kuma nan ake ɓata shi. A jikin ƙoƙon akwai wani layi da ake karanta lamba a kansa. Dole wannan layi ya yi daidai da tsakiyar jirgi. A ja zare daga goshi zuwa ƙarshen baya, a ɗora kamfas a kan zaren, a kan katako mai kwance sosai. A sa shi can gaba, inda matuƙi zai gan shi tare da ruwan da ke gabansa ba sai ya sunkuya ba, domin yawan sunkuyawa a jirgi mai rawa na kawo jiri, amma kada ya yi nisan da lambobi za su dushe.

Sai ƙarfe. Kwalekwalenmu na katako cike yake da ƙusoshi, wani wurin an yi masa faci da gwangwani. Ga adda, ga ƙugiyoyin mamari, ga tocila mai batir, ga rediyo da wayar hannu masu maganaɗisu a lasifikarsu, ga injin Yamaha a baya idan jirgin fito ne. Kowanne na jan faifan zuwa gare shi. Ko robar ɗaure kaya a babur, idan mai ƙugiyar ƙarfe ce, ta isa ta karkatar da shi, don haka a yanke ƙugiyar a ƙulla robar, in kuma kafewa za a yi a nemi noti na tagulla. Kuskuren digiri 10 kamar ba komai ba ne, amma a tafiyar kilomita 5 yana kauce da jirgi kusan mita 870, wanda a cikin hazo ya isa mutum ya wuce mashigin garinsu bai sani ba. Kamfas mai ƙarya ya fi rashinsa haɗari, don wanda ba shi da shi yana tafiya da taka-tsantsan.

Gwajin ba shi da wuya. Ranar da gari ya yi garau, a loda jirgi kamar yadda aka saba, a saita goshinsa ga wata alama mai nisa a karanta lamba, sannan a juya a ba alamar baya daidai. Bambancin ya zama 180. Idan an samu 70 da farko, a samu 250. In ba haka ba, akwai ƙarfe a kusa, sai a matsar da kaya ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin.

Kada a ɗora wa kamfas abin da ba nasa ba. Jirgin da ya kife a madatsar Watari ta Bagwai ranar 30 ga Nuwamba 2021, mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya daga Badau, ba ɓatan hanya ya yi ba, lodi ne ya fi ƙarfinsa. Allah ya jiƙansu. Maganin irin wannan sai rage lodi da rigar ruwa da bin dokar hana fito da dare ta hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA.

Kamfas kuma ba ya faɗa wa mutum inda yake, inda ya dosa kawai yake nunawa. Saboda haka tun kafin hunturu ya kama, Sarkin Ruwa na kowane mashigi zai iya sa a bi hanyoyin da aka saba, a ɗauki lambar tafiya da ta dawowa, a rubuta su da fenti a jikin katakon da ke gaban matuƙi, yadda yaron da aka bar wa filafili ma zai iya karantawa.