Fentin Da Ido Ba Ya Gani A Jikin Tankokin Mai

A ranar 9 ga Janairun 2014, hukumomi suka umarci mutane kusan 300,000 a yankin birnin Charleston na jihar Birjiniya ta Yamma a Amurka da kada su sha ruwan famfonsu, kada ma su yi wanka da shi. Wani sinadari da ake wanke kwal da shi ne ya tsiyaye daga tankin kamfanin Freedom Industries, ya gangara kogin Elk, dab da inda ake ɗiban ruwan garin. Da hukumar binciken haɗurran sinadarai ta ƙasar ta duba, sai ta tarar da 'yan ƙananan huji a gindin tankin. Tsatsa ce ta yi su, sannu a hankali, shekara da shekaru ba wanda ya leƙa.

Duk inda ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, tsatsa za ta kama shi, gishiri kuwa ƙara mata sauri yake yi. A 2016 ƙungiyar injiniyoyin yaƙi da tsatsa ta NACE ta ƙiyasta cewa ɓarnar da take yi wa duniya ta kai dala tiriliyan 2.5 a shekara. Mu ma muna da namu kason a ciki, domin akwai irin waɗannan tankoki a matatar Kaduna, da daffo-daffon mai na Apapa da Kano, da matatar Dangote a Lekki, da ta SORAZ kusa da Damagaram, ban da na kamfanonin man gyaɗa da na ruwan sha.

Mai wucewa farin fenti yake gani da sunan kamfani. Wannan shafen na sama aikinsa tare rana da ruwan sama. Wanda ke riƙe da ran tankin shi ne shafen farko, firama, wanda ke manne da ƙarfen kansa, kuma kaurinsa sau da yawa bai wuce maikiron 60 zuwa 75 ba, wato bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Idan ya saki ƙarfe, duk abin da aka ɗora a kansa zai biyo shi ya ɓamɓare.

A bayan manyan tankoki, firamar da aka fi dogara da ita ita ce mai garin tutiya. Ƙa'idar ISO 12944 ba ta kiran fenti mai wadatar tutiya sai ta kai kashi 80 cikin 100 na nauyin busasshen shafen. Dalilin yawan nan shi ne a samu ƙwayoyin tutiyar suna taɓa juna, suna kuma taɓa ƙarfen, ta yadda lantarki zai iya bi ta cikinsu. Idan danshi ya shigo, tutiya ce ke fara lalacewa, ƙarfen ya tsira, ko da an ƙarje fentin a wani ɗan wuri. Abin da ke sa kwanon rufi mai kyau ya daɗe bai yi ja ba ke nan. Wani injiniya ɗan Ostareliya, Victor Nightingall, shi ya ƙirƙiro haɗin tutiya da silikat a shekarun 1930, aka shafa wa bututun ruwan da ya tashi daga Morgan zuwa Whyalla, wanda aka kammala a 1944. Shafen ya yi gomman shekaru a fili yana aiki, abin da ya sa duniya ta karɓe shi. Akwai kuma tutiya cikin efoksi, wadda ta fi sauƙin fesawa da gyara, sai efoksi mai fosfet ɗin tutiya ga wuraren da iska ba ta da tsanani.

Sai dai komai tsadar gwangwanin fenti, gyaran fuskar ƙarfe kafin shafawa shi ne tushen aikin, kuma a nan ne na fi ganin ana ha'inci. Sabon farantin ƙarfe yakan fito daga masana'anta da wani baƙin ɓawo a jikinsa. Ido zai ce lafiyayye ne, amma ɓawon zai tsage nan gaba ya tafi da fentin. Dole a feshe shi da tsakuwa mai kaifi da ƙarfin iska har ya kai matakin da ake kira Sa 2½, ƙarfe ya fito kusan fari, da ɗan kaushin da firama za ta kama. Burushin waya da takardar goge ba sa kaiwa nan, ko da an wuni ana gurza. Kafin nan sai an wanke maiƙo, sannan a auna gishirin da ya rage, domin gishirin da aka rufe da fenti yakan jawo danshi ta cikin shafen, ya tayar da ƙuraje. Ba a fesawa sai zafin ƙarfen ya ɗara matakin saukar raɓa da aƙalla digiri 3, kuma ƙarfen da aka feshe da safe ba a barinsa ya kwana tsirara.

Yanayin wuri ma yana da ta cewa. Tankin da ke bakin teku a Legas, inda iska ke ɗauke da gishiri, yana cikin rukunin tsanani na sama a ma'aunin ISO 12944, don haka yana buƙatar shafe uku masu kauri: tutiya, efoksi, sannan foliyuretan. Na Kano ko Damagaram bai kai shi shan wahala ba, amma Arewa tana da tata matsalar da 'yan kwangila ke mantawa. Firamar tutiya mai silikat, irin wadda aka fi amfani da ita, da danshin iska take ƙeƙashewa. A tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, tana iya bushewa a taɓi alhali cikinta bai nuna ba. Idan aka yi gaggawar ɗora shafe na biyu, sai ta rabe gida biyu. Ƙwararru kan yayyafa mata ruwa mai tsabta su jira. Ga ƙurar hunturun da ke sauka kan ƙarfen da aka gama feshewa. Idan kuma mai fesawa ya cika hannu ya yi kauri, sai shafen ya daddare.

Cikin tanki wani babi ne daban. Ruwan da ke tare da ɗanyen mai ƙasa yake kwantawa, da gishiri da ƙwayoyin halittar da ke fitar da sinadarin farar wuta, su yi ta haƙa ƙananan ramuka a gindi. Tutiya ba ta jure asid ko kanwa mai ƙarfi, kuma ba a so ta taɓa man jirgin sama, shi ya sa a ciki akan koma ga efoksi mai kauri, a bi shi da na'urar tartsatsi ana neman hujin da ido ba ya gani. Ƙarƙashin gindin kuwa, inda ya zauna kan yashi, walda kan ƙone fentin da ke wurin, kuma ba hannun da zai sake isa gare shi, don haka da kariyar lantarki ake tsare shi, bisa ƙa'idar API 651.

Lafiyar masu aikin ma abin dubawa ce. Jan fenti mai dalma, wanda aka daɗe ana shafa wa gadoji da tankoki, an bar shi a ƙasashe da yawa saboda gubarsa, kuma wanda ya ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani. Tsohon tanki yana iya kasancewa ɗauke da shi, a kankare, leburori su shaƙa. Feshi da yashin rafi kuwa ƙurarsa na taurara huhu, cutar da ba ta warkewa. Birtaniya ta hana shi tun tsakiyar ƙarni na 20, amma har yanzu ana ganin samari suna yi da ƙyalle ɗaure a hanci.

A ganina, mai tanki ya fi kowa alhaki. Idan ya ba mai mafi arha kwangila, ya ce a gama kafin ranar buɗewa, ya san daga inda za a rage, domin da zarar farin fenti ya hau, aikin kirki da na algus kamarsu ɗaya har tsawon shekara biyu ko uku. Abin da ya kamata a rubuta cikin kwangila shi ne mai duba aiki wanda ba yaron ɗan kwangila ba, mai ikon tsayar da feshi, wanda zai rubuta danshin iska da kaushin ƙarfe da kaurin kowane shafe kullum. A ajiye takardun nan, domin su injiniya zai nema ranar da aka kwashe tankin don binciken da ƙa'idar API 653 ta tanada.