Waya Ta Shigo Asibitin Ƙauye, To Wa Ke Duba Alƙaluman?

Waɗanda ba su samu sauraron shirin wannan makon ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau asibiti za mu je, amma ba babban asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba. Ƙaramin asibitin mazaɓa nake nufi, wanda iyayenmu ke ce wa sha-ka-tafi, inda ake awon ciki da rigakafin yara da gwajin zazzaɓin cizon sauro. Kwanan nan ana ta maganar cewa za a mayar da aikin irin waɗannan asibitoci kan waya da kwamfuta. Ina so mu duba me hakan yake nufi a ƙasa, kuma na zaɓi ƙananan hukumomi biyu na jihar Sakkwato mu yi misali da su, Boɗinga da Shagari.

In ka fito daga birnin Sakkwato ka kama hanyar Jega, Boɗinga za ka fara ratsawa, can gaba ka iske Shagari. A ƙasar Boɗinga Sifawa take, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Shagari kuwa mahaifar Alhaji Shehu Shagari ce, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Boɗinga na da mazaɓu 11, Shagari na da 10. Tsarin gwamnati shi ne kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibitin matakin farko guda ɗaya mai aiki sosai. Wato Danchadi da Dingyaɗi su samu nasu, Kajiji da Dandin Mahe da Horo Birni su ma haka.

To wa ke riƙe da irin wannan asibitin? Yawanci ba likita ba ne. Jami'in lafiyar al'umma ne, irin waɗanda ake horarwa a kwalejin fasahar kiwon lafiya ta Gwadabawa da makamantanta, wani lokaci kuma nas ko ungozoma. Shi ne wanda muke kira incaji. Ku riƙe wannan mutumin a ranku, don duk hirarmu ta yau a kansa za ta ƙare.

Bari in fara da yadda labari ke tafiya daga ƙauye zuwa Abuja. Uwa ta kawo jaririnta aka yi masa allura. Malamin asibiti zai rubuta a katin yaron, ya rubuta a babban littafin rajista. Mai awon ciki da nata littafin, mai haihuwa da nata, marasa lafiya na yau da kullum da nasu. Ƙarshen wata a ƙirga komai a cike fom guda na taƙaitawa, a kai sakatariyar ƙaramar hukuma. A can akwai jami'in tattara bayanai da zai shigar da alƙaluman cikin wata manhaja mai suna DHIS2. Da ya danna, ofishin jiha na gani, Abuja ma na gani.

Ita wannan manhajar tana da tarihi. Asalinta daga Afirka ta Kudu ne a shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, lokacin da ake neman haɗe bayanan lafiyar gundumomi wuri guda. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke kula da ita, kyauta ce, kuma ƙasashe sama da 70 na amfani da ita. Najeriya ta ɗauke ta a matsayin rumbun bayanan lafiya na ƙasa. Kun ga ke nan kwamfuta ta daɗe da shigowa aikin lafiyar Boɗinga da Shagari, ko da mai jinya bai taɓa ganinta da ido ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A 2016 zuwa 2017 an yi wani babban bincike na ƙasa kan rigakafi. Masu binciken ba ofis suka je ba, gida-gida suka bi, suna duba katin yaro suna tambayar uwa. Akwai allurar da ake kira Penta, mai kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta. Sau uku ake yin ta: yaro na sati 6, sati 10, da sati 14. Binciken ya nuna kashi 33 cikin 100 na yaran Najeriya ne kawai suka samu ta ukun. A jihar Sakkwato fa? Kashi 3. Uku rak cikin ɗari, mafi ƙanƙanta a duk ƙasar. Alhali rahotannin da ke hawa kwamfuta wata-wata suna nuna abin da ya fi haka nesa ba kusa ba.

Yaya aka yi haka? Dalilan suna da yawa. Na farko, lissafin yawan yaran da ake sa ran yi wa allura daga ƙidayar 2006 ake hasashensa, a ɗauka cewa jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya su ne kashi 4 cikin 100 na jama'a. In hasashen ya kauce, duk lissafin da aka ɗora a kansa ya kauce. Na biyu, kuskuren ƙirga, mutum ɗaya da littattafai rututu a gabansa ga layin marasa lafiya. Na uku kuma shi ne wanda ba a cika son faɗa ba: in na sama ya saba yi maka faɗa duk watan da ka kawo ƙaramin adadi, wata rana za ka fara kawo masa adadin da yake son gani. Ita kuwa kwamfuta ba ta san gaskiya da ƙarya ba, abin da aka zuba mata shi take ajiyewa. Bahaushe ya ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Furen yana kan allon kwamfuta, yaran kuma suna gida babu kariya.

Wannan sakamakon ne ya sa Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci kan rigakafi a 2017, ta kafa cibiyar gaggawa, ta mayar da hankali kan jihohi 18 da suka fi koma baya, har da Sakkwato. Cikin matakan da aka ɗauka akwai tura rahoton kowace ranar rigakafi ta saƙon tes, maimakon jiran ƙarshen wata, da kuma yawaita binciken gida-gida don a riƙa gwada abin da ke takarda da abin da ke ƙasa.

Kada wani ya ce to ai na'urar ba ta da amfani. Tana da shi, kuma yaƙi da shan inna ya nuna mana. A jihohin Arewa, har da tamu, an riƙa ba ayarin masu ɗiga rigakafi waya mai nuna inda suka taka, aka kuma zana taswirar garuruwa da rugage daga hotunan tauraron ɗan'adam. Sai aka fara ganin ƙauyukan da babu su a taswirar hannu, da unguwannin da ake tsallakewa. Amma ku lura da abu ɗaya. A lokacin zagayen rigakafi, kowace yamma akwai zaman bita a mazaɓa da ƙaramar hukuma. A nan ake cewa ga rugar da ba a shiga ba yau, gobe da safe wane zai koma. Wayar ta nuna giɓin, zaman yamma ne ya cike shi. A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna mai yawo a gari.

Wannan shi ne abin da masana ke nufi in suka ce jagorancin ma'aikacin lafiya. Ba kujera ko muƙami ake magana ba. Ana maganar mutumin da ya san aikin jinya, kuma yake karanta alƙaluman asibitinsa kafin ya tura su gaba.

Bari in ba da misali na ƙirƙira don a gane. A ce a wani asibitin mazaɓa yara 100 sun karɓi Penta ta farko, amma 70 ne suka dawo ta uku. Wato 30 sun ɓace a hanya. A ƙa'idar aikin, in masu ɓacewa suka wuce kashi 10 cikin 100, akwai matsala. Wani incajin zai tura adadin ya koma harkarsa. Wani kuma zai buɗe rajista ya fitar da sunayen yaran 30, ya duba daga ina suke. In ya ga yawancinsu daga ƙauye ɗaya ne da rafi ke raba su da gari da damina, ya san fita za a yi a same su a can. In ya ga daga cikin gari suke, wataƙila zazzaɓin da ya biyo bayan allurar farko ne ya tsorata iyaye, ba a yi musu bayani ba. Sai ya nemi mai unguwa da liman da wanzami da ungozomar gargajiya. Manhaja ɗaya ce a hannun mutum biyun nan, amma yaran mazaɓar ɗaya ne kawai za su ci moriyarta.

Haka yake a sa ido kan annoba. Waɗanda suka yi wayo a 2017 ba za su manta sanƙarau ba. Ta fara a Zamfara a Disambar 2016, amma sai a Fabrairun 2017 sanarwa ta isa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa. Kafin ta lafa, an samu mutum sama da 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Yau akwai manhajar SORMAS, wadda aka fara ƙirƙira bayan Ebola ta 2014, da ita jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ke tura rahoto nan take. Madalla. Sai dai kafin rahoton ya hau waya, dole wani malamin asibiti a ƙauye ya ga yaro da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ya gane abin da yake gani, ya ɗaga waya ya kira. In ya saba cewa kawo mummunan labari na jawo masa faɗa, shiru zai yi. Shi ya sa a ganina babban aikin shugaban lafiya na ƙaramar hukuma shi ne ya sa na ƙasa da shi su daina tsoron faɗin adadi maras daɗi.

To mene ne ke kawo cikas? Wuta ce a gaba. Inda aka samu sola, firjin rigakafi ke da haƙƙin farko, don dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8. Sai sabis. Ku tuna a Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Duk tsarin da ba ya iya ajiye bayani sai da intanet, a irin wannan ranar ya tsaya cak. Manhajar da ta dace da mu ita ce wadda za a cike babu sabis, in an samu ta tura da kanta.

Akwai kuma ninkin aiki. Sau da yawa in aka kawo waya ba a ɗauke littafi, sai ma'aikaci ya rubuta a takarda ya sake shigarwa a manhaja, kuma kowane shirin tallafi da tasa manhajar. Lokacin da ya kamata a auna hawan jinin mai ciki sai ya tafi a danne-danne. Nan ma dole a saurari masu aikin jinya tun wurin tsara abin, su ce wannan tambayar tana da amfani, waccan a cire ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ja kunne cewa fasahar zamani ba ta maye gurbin ma'aikata da magani da kayan aiki.

Sai sirri. Bayanin mai ciki ko mai ɗauke da wata cuta amana ce. A ƙauye kowa ya san kowa, hoton shafin rajista ɗaya a zauren WhatsApp ya isa ya kashe aure. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, amma kafin doka, incaji ne zai hana wayar asibiti zama wayar kallo a hannun kowa.

Maganar kuɗi fa? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wani kaso na shiga asusun asibitin mazaɓa kai tsaye, kuma da kwamitin ci gaban mazaɓa ake tsara yadda za a kashe shi. Wato incajin da ya san alƙalumansa yana da hujjar cewa a wannan zangon man babur na fita ƙauyuka ya fi fenti muhimmanci.

Ina matasa suka shigo? Wurare da yawa. In kana karatun lafiya a Gwadabawa ko Sakkwato ko Tambuwal, ka koyi karanta alƙaluma kamar yadda kake koyon ɗaura ruwa, don gobe kai ne incaji. In kwamfuta ka karanta, kafin ka zauna ƙirƙirar manhajar lafiya, je ka wuni ɗaya a asibitin mazaɓarku ranar awo ka ga yadda aikin yake. In kuma ba ko ɗaya, duba katin rigakafin ƙaninka ko ɗan yayarka. An cike Penta ta uku? In ba a cike ba, ka san ranar rigakafin asibitinku, ka raka su. Ka kuma tambayi wa da wa ke cikin kwamitin ci gaban mazaɓarku, yaushe suke zama.

'Yan Boɗinga da Shagari, musamman ma'aikatan lafiya da ke bibiyarmu, ina son jin ta bakinku: a wurinku, waya ta rage muku aiki ko ta ƙara? Ku faɗa mana ba tare da kama sunan kowa ba.

Nan za mu dakata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Sai mun haɗu a shiri na gaba.