Amanar Bayanan Ɗalibi Tsakanin Jami'a da Asusun Tallafin Karatu

Wanda ya saba karanta rahotonmu na shekara-shekara zai lura cewa sashen tallafin karatun jami'a na bana bai zo da jerin sunaye ba, kuma babu hoton ɗalibi ko ɗaya riƙe da takardar shaidar karɓar kuɗi. Wasu daga cikin masu ba da zakka da masu waƙafi sun tambaye mu dalili tun rahoton yana hannun masu bugawa. Tambayar tana kan hanya, domin mai dukiya yana da haƙƙin sanin inda dukiyarsa ta tafi. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayani a kan abin da ake kira kare bayanan mutum, da yadda ya shafi ɗalibin jami'a, musamman mabuƙaci.

Abin da ɗalibi yake miƙawa

Tun kafin yaro ya taka ƙofar jami'a, bayanansa sun riga shi shiga. Daga shekarar 2021 hukumar JAMB ta wajabta wa mai neman rubuta jarrabawarta ya gabatar da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, wato NIN, kuma ana ɗaukar hotonsa da zanen yatsunsa. Idan ya samu gurbi, ofishin magatakarda zai karɓi takardar haihuwarsa, da ta ƙaramar hukumarsa, da sunan majiɓincinsa da lambar wayarsa. Asibitin jami'a zai buɗe masa fayil na lafiya, ofishin kuɗi zai riƙe tarihin biyansa, sashen karatunsa kuma zai tara sakamakonsa zango bayan zango. Wannan duk a kan kowane ɗalibi ne.

Mai neman tallafi kuwa ana buƙatar ƙari daga gare shi. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukunoni takwas na waɗanda ake ba zakka, don haka wajibi ne mu tabbatar da cancanta kafin mu bayar. Nan ne ɗalibi yake kawo takardar shaidar rasuwar mahaifinsa, ko bayanin jinyar mahaifiyarsa, ko lissafin bashin da ya danne gidansu, tare da lambar asusunsa na banki. Ɗan mai hali yakan kammala digirinsa ba tare da wani ya tambaye shi ko mutum nawa ne ke cin abinci daga tukunyar gidansu ba. Ɗan talaka shi ne yake buɗe cikinsa gaba ɗaya, kuma shi ne ba ya iya cewa a'a, domin ƙin amsa tambaya ɗaya na iya zama asarar shekarar karatu. Wanda ya fi kowa rauni shi ya fi kowa miƙa sirri, kuma daga nan nauyin da ke kanmu ya faro.

Inda ɓaraka take fitowa

Mutane da yawa suna zaton cewa bayanai ba sa fita sai idan ƙwararrun masu kutse sun fasa rumbun kwamfuta. Hakan yana faruwa, amma abin da muka fi gani a aikace ya fi wannan sauƙi: sakamakon jarrabawa da aka liƙa a allon sanarwa da suna da lambar rajista, ko fayil da aka bari a kan tebur, ko takardun neman tallafi da suka ƙare a hannun mai ƙosai ana ƙunshe wa mutane da su, ko kalmar sirri guda da ma'aikata da dama suke amfani da ita, har da wanda ya bar aiki tuntuni.

Mu ma ba mu tsira ba. A wata shekara da ta gabata mun aika wa wata jami'a jerin waɗanda muka biya wa kuɗin rajista domin ofishin kuɗi ya tantance. Jerin yana ɗauke da sunaye da lambobin waya, da wani layi da ke nuna wanda yake maraya. Da kyakkyawar niyya wani ya tura shi zauren WhatsApp na ɗalibai, don kowa ya duba sunansa. Ba a daɗe ba aka fara kiran wasu daga cikinsu da sunan gidauniyarmu, ana cewa akwai ragowar kuɗi, amma sai sun faɗi lambar BVN da lambar wucin gadi da banki ya turo musu ta saƙon waya. Ban da wannan, wata ɗaliba ta shaida mana cewa abokan ajinta ba su taɓa sanin halin gidansu ba sai ranar nan. Laifin farko namu ne, domin ofishin kuɗi ba ya buƙatar sanin maraici kafin ya tabbatar da cewa an biya.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin kansa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, sannan a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman mai lura da wannan fanni. Dokar ta hau kan jami'a, ta hau kan gidauniya irin tamu, domin duk wanda ya yanke shawarar abin da za a tara da dalilin tara shi yana ƙarƙashinta.

Ginshiƙanta ba su da wuyar fahimta. Ba a karɓar bayanin mutum sai da hujjar da doka ta amince da ita, kamar yardarsa ko cika wata yarjejeniya da shi. Ba a karɓar fiye da abin da buƙata ta kai, ba a juya shi zuwa wata manufa da ta saɓa wa wadda aka faɗa, kuma ba a riƙe shi bayan buƙatar ta wuce. Dokar ta ware wasu bayanai ta ƙara tsananta kariyarsu, daga ciki akwai na lafiya, da addini, da ƙabila, da ra'ayin siyasa, da alamomin jiki irin su zanen yatsa. Ɗalibin da bai kai shekara 18 ba, kuma akwai irinsu a ajin farko, yardar mahaifinsa ko majiɓincinsa ake nema.

Mai bayani yana da ikon ya nemi ganin abin da aka ajiye a kansa, ya sa a gyara kuskure, ya janye yardarsa, ko ya nemi a goge idan babu sauran hujjar riƙewa. Idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, dole a sanar da hukumar cikin awa 72 da gano hakan. Tarar saɓa doka ga manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuwa, naira miliyan 2 ne ko kashi 2 ɗin. A wurinmu, duk kobon da ya tafi biyan tara daga bakin mabuƙaci aka cire shi.

Wannan doka ba baƙuwa ba ce ga tarbiyyar da aikinmu ya ginu a kai. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane, Suratul Baƙara kuma ta yi gargaɗi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa, ta kuma fifita ɓoye ta yayin ba matalauta. Yaɗa hoton ɗalibi da bayanin talaucinsa a intanet, inda zai zauna har bayan ya zama likita ko alƙali, yana kusa ƙwarai da cutarwar da aka hana.

Tsarin da muke bi yanzu

Mun rage tambayoyin da ke takardar neman tallafi. Duk tambayar da muka kasa faɗin hukuncin da amsarta za ta canza, mun cire ta. Takardun jinya da na rasuwa jami'in tantancewa yana duba su, ya rubuta cewa ya gani, ya mayar wa mai su. Kwamitin rabo yana ganin lambar fayil da bayanin hali ba tare da suna ba, wanda hakan ya kuma toshe ƙofar alfarma. Abin da muke aika wa jami'a bai wuce lambar rajista da adadin kuɗi ba, kuma ga jami'i guda da aka ayyana a rubuce. Takardun waɗanda ba su samu tallafi ba ana lalata su bayan an rufe lissafin shekara. Kowane ma'aikaci yana da tasa kalmar sirrin, kuma ana rufe ta ranar da ya bar aiki.

Hoto kuwa ba ma ɗauka ranar rabo, domin yardar da aka nema daga mai jiran kuɗin rajista ba yarda ce ta gaskiya ba. Wanda ya kammala karatu ya ga dama ya ba da labarinsa, muna maraba da shi.

Haƙƙin mai bayarwa

Rufin asirin ɗalibi ba ya soke haƙƙin mai dukiya. Masu binciken kuɗi suna ganin cikakkun takardun biya bisa sharaɗin riƙe sirri, kuma rahotonsu yana cikin wannan littafi. Mai waƙafin da ya ɗauki nauyin wani ɗalibi zai riƙa samun bayanin ci gaban karatunsa, idan kuma yana son saduwa da shi sai mu fara tambayar ɗalibin.

Muna roƙon jami'o'in da muke hulɗa da su da su daina liƙa sunayen masu karɓar tallafi a allon sanarwa. Ɗalibai da iyayensu kuma su sani cewa ba za mu taɓa kiran kowa a waya mu nemi lambar sirrin katinsa na banki ko lambar da banki ya turo masa ba. Duk wanda ya samu irin wannan kira ya kashe, ya sanar da ofishinmu. Allah Ya ba mu ikon sauke amana, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.