Bindigar Ƙusa Mai Batir: Shiru Take, Amma a Ɗane

Kore Mairuwa, a Nijar, na bakin babbar hanyar RN1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso ta wuce Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Garin da ke kan irin wannan hanya, ga kuma iyakar Najeriya kusa, sabon kayan aiki ba ya daɗewa bai iso shi ba. Har yau dai guduma ce ke tashe a rumfunan kafintocin Arewa, amma injunan hannu masu batir sai ƙaruwa suke yi a kasuwannin Afirka ta Yamma, kuma a cikinsu akwai wanda ya kamata a san halinsa tun kafin ya zama ruwan dare: bindigar harba ƙusa.

Abin da zai ja kafinta gare ta a fili yake. Har zuwa 2023, yawancin wutar da kamfanin lantarki na NIGELEC ke rabawa a yammacin Nijar daga Najeriya take shigowa, ta layin Birnin Kabi. Da aka yanke ta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, ba ta dawo ba sai cikin Maris 2024, kuma duk mai sana'ar da ke jiran lantarki ya ji a jikinsa. Injin da za a yi wa caji da hasken rana a tafi da shi ƙauye a kafa rufi ko silin ba tare da janareta ba, ai ba sai an yi masa talla ba.

Tsohuwar bindigar ƙusa da iska take aiki: injin matsa iska na gefe yana ruri, dogon tiyo na biye da ma'aikaci. A 1986 kamfanin Paslode ya fito da wadda ba ta da tiyo, tana ƙona ɗan gas a cikinta. Da yawa cikin na yanzu batirin litiyom kaɗai suke buƙata, galibi mai bolt 18. A wasu, kamar na DeWalt, ƙaramin injin lantarki ne ke juya wani ƙarfe da gudu, sai ya wurga sandar da ke bugun ƙusa. A na Milwaukee da HiKOKI kuwa, iskar da ke rufe cikin wani bututu ake matsewa a sake ta. Manyan cikinsu na nutsar da ƙusa mai tsawon milimita 90 a katako da bugu ɗaya, kafin ƙiftawar ido.

Mai tiyo tana sanar da kanta, kuma idan aka zare tiyon ta mutu. Mai batir tana kwance kan benci shiru kamar kunamar da ke ƙarƙashin tabarma, yaro ya ɗauka yana juyawa, alhali ƙusoshi na jere a cikinta. Don haka dokar farko ita ce cire batir. Ƙusa ta maƙale, za a gyara zurfin bugu, za a miƙa wa wani, za a tafi salla ko cin abinci, duk a zare shi. Maɓallin kashewa bai isa abin dogaro ba, kuma masu bututun iska a matse suke zama ko da an cire batirin, saboda haka ko lokacin fidda ƙusar da ta maƙale, bakin ya kalli nesa da fuska.

A Amurka, inda aka fi amfani da waɗannan bindigogi, hukumar lafiya ta CDC ta ƙiyasta cewa tsakanin 2001 da 2005 kusan mutum 37,000 ne ake kai wa sashen gaggawa kowace shekara saboda raunin bindigar ƙusa, mafi yawa daga masu tiyo. A 2011 hukumomin kare lafiyar ma'aikata na OSHA da NIOSH suka fitar da jagora ga ƴan kwangilar gini, inda suka nuna cewa fiye da rabin raunukan a hannu da yatsu ne, kuma a wani bincike kan masu koyon kafinta, biyu cikin biyar sun ji rauni a shekaru huɗu na koyonsu. Can ke nan, inda ake da tabarau da horo da motar asibiti.

Babban abin da binciken ya gano yana wajen maɗanni. Kowace bindiga tana da maɓalli biyu: wanda ake ja da yatsa, da wani ƙarfe a baki wanda sai an danna shi a jikin katako. Akwai tsarin da sai ka danna bakin tukuna, sannan ka ja yatsa, ƙusa ɗaya ta fita. Kafin ta biyu sai ka saki duka biyun ka sake farawa. Akwai kuma tsarin gaggawa, inda kake riƙe da maɗannin a jaye, duk abin da bakin ya taɓa an harbe shi. Katako ne, cinyarka ce, bayan abokin aikinka ne da ke sunkuye, inji bai san bambanci ba. Wannan tsarin ne kuma ke harbi biyu a jere: bindigar ta yi baya saboda ƙarfin bugu, ta dawo ta sake taɓa katakon, ƙusa ta biyu ta fita inda ba a nufa ba. Haɗarin rauni da shi ya ninka na tsarin ɗaya-ɗaya sau biyu. A ganina, a rumfar da yara masu koyo suka fi manya yawa, tsarin gaggawa ba shi da wurin zama. Mai saye ya tambayi ɗan kasuwa tun a shago ko injin na da tsarin ɗaya-ɗaya. Wanda kuma ya ɗaure ƙarfen bakin da waya don aiki ya yi sauri, ya mai da kayan aikinsa bindiga ta gaske.

Sai hannun hagu, wanda shi ne ke shan wahala. Kafintan da ya saba da guduma yana riƙe katako dab da ƙusa, domin yana jin ta tana shiga kaɗan-kaɗan, in ta karkace ya tsaya. Da inji babu wannan dama. Ƙusa na iya cin karo da ƙulli ko wata tsohuwar ƙusa ta lanƙwashe ta ɓullo ta gefe, ko ta zarce siririn falanki ta fita ta baya. A nisanta hannu aƙalla santimita 30, a kama guntun katako da maƙali. Wannan ya fi shafar mu, da yake katakonmu sau da yawa wanda aka ɓalle ne daga wani aikin, cike da guntayen ƙusoshi, azarar giginyar Dallol Mawri kuwa taurin bayanta na iya mai da ƙusa baya. Kwanon rufi ma ba na wannan bindiga ba ne, huda shi za ta yi ta wuce. Tabarau na kariya wajibi ne ga mai harbi da yaron da ke riƙe masa, kuma ba a hawa tsani da yatsa a kan maɗanni.

Batirin kansa yana da nasa sharaɗi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Dogon Dutsi na haura digiri 40 a inuwa, kan kwano kuwa ya fi haka nesa, alhali batirin litiyom ba a son yi masa caji idan ya wuce kimanin digiri 45. A bar shi ya huce a inuwa, a yi amfani da cajarsa ta asali, kada a jefa shi cikin jakar ƙusoshi inda ƙarfe zai haɗa bakunansa. Wanda ya kumbura ko ya tsage, a raba shi da tulin dusar katako, a daina aiki da shi.

In tsautsayi ya faɗa, kada a kama ƙusar da filaya a fizge. Ƙusoshin inji a jere suke zuwa, manne da gam ko roba ko siririyar waya, kuma guntun wayar kan zama ƙugiya a jikin ƙusa, ya yagi jijiya wajen fita. A tare ta da tsumma mai tsabta yadda ba za ta motsa ba, a nufi cibiyar lafiya (CSI) mafi kusa, a nemi allurar tetanos. Idan a kai ne, ko ido, ko ƙirji, ko gaɓa, sai babban asibiti, na Dogon Dutsi ko na Dosso, inda za a ɗauki hoto a ga inda tsinin ya tsaya kafin a taɓa shi.