Tattakin yamma a bakin kogin da aka taɓa cewa ya mutu

Abin da Turawan Ingila ke kira bazara ba irin tamu ba ce mai ƙona tafin ƙafa. A tsakiyar watan Maris sanyi bai gama sakin birnin Landan ba, sai dai itatuwa sun fara toho, rana kuma takan kai wajen ƙarfe shida kafin ta faɗi. A irin wannan yammaci ne na taka daga gadar Wesminista, na bi gaɓar Kogin Tems ta arewa, hannuwana cikin aljihu, ina kallon tsuntsaye masu nutso suna farautar kifi.

Kifin nan shi ne abin mamaki, ya mai karatu. A shekarar 1957 masana sun yanke hukuncin cewa wannan sashe na kogin ya mutu, wato babu isasshiyar iskar da halitta za ta shaƙa a cikinsa. Kafin nan ma, a zafin 1858, ɗoyin bayan gidan da ake kwararawa a ciki ya addabi Majalisar Dokoki da ke bakinsa, har ta gaggauta amincewa da kuɗin gina magudanan ƙarƙashin ƙasa. Ashe ko a can ma sai wari ya kai hancin manya ake motsawa!

Injiniya Joseph Bazalgette ne ya jagoranci aikin. Dakalin da nake takawa, wanda aka buɗe a 1870, murfi ne kan ɗaya daga cikin magudanan nasa, ga siffarsa nan ta tagulla jikin bango, jama'a na wucewa ba mai waiwaye. Amma birnin ya fi ƙarfin aikin, domin al'ummarsa a yau ta kai kimanin miliyan tara, kuma da an yi ruwan sama mai ƙarfi sai ƙazanta ta tumbatsa ta koma kogi. Sai a 2025 aka kammala haɗa sabon rami mai tsawon kilomita 25 da ke tare mafi yawanta.

Ruwan dai har gobe launin ƙasa ne, saboda laka ce igiyar teku ke tayarwa, kuma robobi ba su daina yawo a kai ba. Ina nan tsaye aka kunna fitilu, sai Jakara ta Kano ta faɗo mini a rai, da yaran da ke wasa a bakinta.