Dofamin da Maganin Cutar Parkinson

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana dalilin da ya sa ake ba mai cutar Parkinson lebodofa, alhali kuwa dofamin ne ƙwaƙwalwarsa ta rasa. Kafin mu kai ga haka, wajibi ne mu dubi yadda jijiyoyi ke aika wa juna saƙo.

2.0 Matakai Uku

Ƙwayoyin jijiya ba manne suke da juna ba. Akwai ɗan siririn gibi tsakaninsu, wanda sai sinadari ke ƙetare shi. Dofamin ɗaya ne daga cikin irin waɗannan 'yan aike, aikinsa kuwa mataki uku ne.

Na farko, haɗawa. Jijiya kan ɗauki tairosin, wanda ake samu daga abinci mai gina jiki, ta mai da shi lebodofa, sa'an nan dofamin, ta adana cikin 'yan jakunkuna. Na biyu, saki. Da saƙon lantarki ya iso bakin jijiya sai kalsiyam ya kwararo ciki, jakunkunan su zazzage abin da ke cikinsu a gibin. Na uku, janyewa. Jijiyar da ta saki dofamin ita ke sake zuƙe shi, don kada saƙo ya zarce ƙima. Wannan ƙofa ce hodar iblis ke toshewa.

3.0 Cuta da Magani

Cutar da James Parkinson ya siffanta a 1817 tana aukuwa ne idan ƙwayoyin da ke haɗa dofamin suka yi ta mutuwa, har makyarkyata da sandarewar gaɓoɓi su bayyana. A 1957 Arvid Carlsson ya nuna lebodofa na mayar wa dabbobi motsin da suka rasa, a 1967 kuma George Cotzias ya tabbatar da amfaninsa ga majiyyata.

Sirrin shi ne, akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Dofamin ba ya ƙetare shi, amma lebodofa na ƙetarewa. Akan gama shi da kabidofa, don kada ya rikiɗe tun bai isa ba, ya jawo tashin zuciya.

4.0 Kammalawa

Daga bayanin da ya gabata mun ga cewa lebodofa matakin farko kaɗai yake tallafa wa. Ba ya hana ƙwayoyin mutuwa, saboda haka bayan shekaru ƙarfinsa kan riƙa yankewa kafin lokacin shan na gaba. Ya kamata a faɗa wa majiyyaci da danginsa wannan tun ran farko.